Hannun Hagun Oga Ladan

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar da muka binne mahaifin Oga Ladan a Kebbe. Na san za ku ce me ya haɗa jana'iza da aikin kadi. To ku yi haƙuri ku saurara, musamman ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna ganin saɓa jaka da goge ƙwallo shi ne duka. Ni Altine, mutumin Dogon Daji, na yi fiye da shekara ashirin ina bin bayan mutumin nan da jakarsa, kuma ranar da aikin ya fi yi mini nauyi ko sanda ɗaya babu a kafaɗata.

Saboda waɗanda ba su san harkar ba, bari in ɗan yi bayani. Golf, wanda 'yan rediyo suke kira ƙwallon lambu, wasa ne na buga 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, daga wannan rami a wuce wancan har goma sha takwas, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Masu buga shi iri biyu ne. Akwai mambobin kulob, wato manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da hafsoshi, masu zuwa su motsa jini su rage tumbi. Akwai kuma ƙwararru, waɗanda wasan shi ne abincinsu, su shiga gasa, su kuma koyar da mambobi. Kadi shi ne mai ɗaukar jakar sanduna. Kadin mamba aikinsa ɗauka, da neman ƙwallo cikin ciyawa, da yaba bugun da bai cancanci yabo ba. Kadin ƙwararre kuwa dole ya san nisa, ya san iska, ya san gangaren ƙasa, ya kuma san halin maigidansa ciki da waje.

Oga Ladan ƙwararre ne, amma shi ma da jaka ya fara. Yana saurayi ya baro Kebbe ya zo Sakkwato wurin kawunsa da yake gadi a filin wasa, ya shiga ɗaukar jaka don kada ya zauna haka. A lokacin ranar Litinin ce ranar kadi, mambobi suna ofis, sai a bar mu mu buga da tsofaffin sandunan da aka yar. Filin namu na arewa kun san shi, babu ciyawa a bakin rami, yashi ne ake kwaɓawa da baƙin mai a daddaɓe. A kan wannan yashin ya koyi hannu. Kafin a ankara ya fara cinye mutanen da yake ɗaukar wa jaka, abin da ba kowane babban mutum yake yafewa ba. Da ya ci jarrabawar shiga ƙwararru sai ya waiwayo ya ce in zo in riƙe masa jaka, don ni kaɗai ne cikin kadi-kadin da ba na yi masa ƙarya in ya yi mugun bugu. Mun zaga Kaduna da Jos da Ibadan da Legas, mun ci, an cinye mu, mun kwana a otal mai sanyi, mun kuma kwana a tasha.

Mahaifinsa, Malam Mamman, manomi ne, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa da babbar murya. Bai taɓa ganin ɗansa yana wasa ba, kuma bai taɓa nuna yana so ya gani ba. Cewa yake bai gane sana'ar da mutum zai buga abu da kansa, ya bi shi da kansa, sannan a tafa masa ba. Kofin farko da Oga ya kai masa gida, irin kuɓewa ya zuba a ciki ya rufe da faifai. Amma ba ƙin ɗan yake ba. Duk baƙon da ya sauka a gidan sai an nuna masa hoton Ladan a jarida, in ya so daga baya a yi masa ba'a.

Ga abin da ya kamata ku gane game da shekarun ɗan wasa. Daga arba'in da 'yan kai, yara sun fi ka ƙarfi. Ka buga iya ƙarfinka, ɗan shekara ashirin ya zo ya wuce ƙwallonka yana dariya. Shekarun nan sun yi wa Oga tsawo, muna shiga gasa muna fitowa a tsakiya ko a ƙasa. Sai dai golf yana da wata ƙofa da sauran wasanni ba su da ita: in ka cika hamsin, akwai gasar dattawa, inda kai ne kuma yaro a cikinsu. Shekarun farko bayan hamsin su ne damar mutum ta ƙarshe, in ta wuce ta wuce. A shekarar da Oga ya cika hamsin aka gayyace shi gasar tantancewa ta dattawa a ƙasar waje, wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana koya wa wasa ya ce zai ɗauki nauyin tafiyar, amma ya faɗa ƙarara cewa sau ɗaya ne. Ni ma aka yi mini fasfo, karo na farko a rayuwata. Ba zan ɓoye muku ba, na riga na gama yi wa mutanen Dogon Daji alkawarin tsaraba.

Matsala ɗaya ce, wuyan hannunsa na hagu. Ga mai bugu da dama, hagu shi ne mai jan sanda, shi yake shan duk dukan ƙasa. Shekara talatin yana sha, har wata jijiya ta gaji. Likitan ƙashi ya ce in dai yana son tafiyar nan sai an yi aiki an ɗinke, kuma akwai isasshen lokacin warkewa in an bi doka. Aka yi aikin a tsakiyar damina, aka sa masa wani maɗauri mai ƙarfe a ciki daga tafin hannu zuwa rabin damtse. Likitan ya kira ni gefe, don ya lura ni ne mai jin magana a cikinmu, ya ce kada hannun ya ɗauki abin da ya fi kofin shayi nauyi har sai shi da kansa ya cire maɗaurin. Ya ce in ɗinkin ya tsinke, za a iya sake gyara hannun ya yi alwala da tuƙi, amma ba zai ƙara dukan ƙwallo ba.

Muka tare a gidansa na Tambuwal don jinya, kusa da iyaye, nesa da mambobin da za su dame shi. Aikina ya koma gadin hannu. Ni ne mai ɗaukar buta, ni ne mai buɗe ƙofar mota, ni ne mai tare jikoki in sun taho da gudu za su ɗafe shi. Na hana shi hawa babur. In muka shiga kasuwa ina gefensa na hagu kamar ɗan sanda, har masu shago suka sa mini suna Dogarin Hannu. A bayan gida na kwaɓa yashi da baƙin mai na haƙa ɗan rami, kullum da safe yana tura ƙwallo da hannun dama kaɗai don kada ido ya manta. Haushi yake ji ƙwarai, mutum ne da ba ya son a yi masa abu. Wata rana na kama shi yana ƙoƙarin ɗaga tukunyar fulawa, muka yi kwana biyu ba ma magana sai gaisuwa.

Malam Mamman ya zo duba shi wata ranar kasuwa. Ya juya hannun, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce, ya ce da an kai shi wurin maɗorin Jabo da tuni yana noma. Ya dube ni ya ce, wato ni yanzu an ɗauke ni aikin renon hannu ke nan, to Allah ya ba da lada. Ya ci tuwo, ya yi la'asar, ya hau motar Kebbe yana ta faɗa da yaron mota kan wurin zama. Lafiyarsa lau, ko tari ba ya yi.

Damina ta kusa ɗaukewa, gero ya fara nuna, saura kaɗan a cire maɗaurin, sai waya ta zo da safe. Nasiru ne, ƙanen Oga da ke zaune da tsohon a Kebbe. Ya ce Baba ya dawo daga masallaci ya ce kansa yana juyawa, ya kishingiɗa, shi ke nan. Za a yi jana'iza bayan azahar in mun iso.

Ni na ja motar. An yi ruwa da asuba, hanyar Kebbe duk taɓo, ina tuƙi a hankali don kada rami ya girgiza hannun. Oga sai salati yake ta yi. Ni kuwa, Allah ya sani na ji mutuwar tsohon har cikin raina, amma kaina aiki yake yi irin na kadi. Ina lissafa inda haɗari yake: masu ta'aziyya da za su rungume shi, ɗaukar makara, da kuma kabari. Kun san yadda muke yi. Bayan an yi wa mamaci wanka an sa masa likkafani an sallace shi, sai a ɗauki makara ana karɓa-karɓa har maƙabarta. A can kuma makusantansa ne suke shiga su karɓe shi daga hannun na sama, ɗaya wajen kai, ɗaya tsakiya, ɗaya wajen ƙafa, su sauke shi cikin ƙaramin ramin su kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla. Wanda ke wajen kai shi ya fi shan nauyi, don kafaɗu da ƙirji a hannunsa suke sauka, kuma a duƙe yake.

Muna isa na ja Nasiru bayan rumbu na yi masa bayani. Yaron kirki ne, nan take ya ce ai ba sai na faɗa ba, shi zai shiga wajen kai, ga 'ya'yan baffansu biyu ƙarfafa. Hankalina ya ɗan kwanta. Da aka ɗauki makara Oga ya sa kafaɗar dama na ɗan lokaci, ni kuma na shige bayansa na tallafe itacen yadda nauyin zai dawo kaina. Ya sani, ya ƙyale ni. Na ce a raina mun haye rami mafi wuya.

A maƙabarta ƙasa ta jiƙe, bakin kabarin laka ce mai santsi. Aka ajiye makara, mutane suka kewaye. Liman ya ɗaga kai ya ce, "Ina ɗiyanai? Su shiga su amshi ubansu."

Nasiru ya riga ya tuɓe takalmi. Sai na ga Oga shi ma yana tuɓe nasa.

"Yaya, bari ni in kama wajen kai," in ji Nasiru. "Hannunka bai warke ba. Kowa ya sani, ba wanda za ya ce komi."

"Ni ab babba, Nasiru," Oga ya ce. "Kama ƙafafu."

Ba wanda ya tilasta shi, ina so ku riƙe wannan. Liman ma cewa ya yi ai da lalura, ƙane ya wadatar. Dattawa biyu suka gyaɗa kai. Da ya koma baya ya tsaya, da babu mai zarginsa a duk Kebbe.

A nan ne dokar aikinmu ta shigo, wadda ba a rubuce take ba amma duk kadin ƙwararre ya san ta. In maigida zai yi bugu, kai ka ga sanda mai lamba bakwai ce daidai, shi kuma ya miƙa hannu wajen takwas, wajibi ne ka faɗa masa gaskiya. Sau ɗaya za ka faɗa, a fili, ba kwana-kwana. In ya ji ya ce takwas ɗin dai, to magana ta ƙare. Ka zaro ta ka goge ka miƙa masa, ka kuma taimake shi ya buga ta da kyau. Ba a barin mutum ya tsaya kan ƙwallo da zuciya biyu, wanda ya yi bugu yana shakka ya fi wanda ya zaɓi sandar da ba daidai ba ɓarna. Kadin da ya ci gaba da gunaguni bayan an yanke shawara, kansa yake karewa don gobe ya ce ai na faɗa.

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya. "Oga, likita ya ce in ɗinkin ga ya tsinke babu wasa har abada. Baba mai nauyi na, kuma ƙasa da santsi. Ka bar Nasiru shi shiga."

Ya dube ni sosai, irin kallon da yake yi mini in ya san gaskiyata ce. "Na jiya, Altine," ya ce. "Riƙe man wanga."

Ya cire hula ya ba ni, ya cire agogo ya ba ni. Sannan ya ɓalle maɗaurin, don da ƙarfen nan hannu ba ya lanƙwasa ya tallafi komai, ya ɗora mini a kan hular. Hannun ya fito siriri, fari-fari, ga layin ɗinki. Raina ya ɓaci, na ji kamar in riƙe masa riga in yi ta ihu a gaban mutane. Bakina har ya buɗe da magana ta biyu, na haɗiye ta. Na duba bakin kabarin yadda nake duba ƙasa kafin bugu.

"Bismilla, Oga," na ce. "Kak ka bi ta nan, da santsi. Sa ƙafa can inda saiwa ta fito, ka jingina gwiwa ga bango kafin su miƙo shi."

Haka ya yi. Ya shiga, ya kafa ƙafa, ya jingina gwiwa. Na sama suka ɗago Malam Mamman cikin likkafani suka miƙo. Ina tsaye daidai kansa, ina ganin komai. Hannun dama ya shiga ƙarƙashin kafaɗa, na hagu ya tallafi wuya da kai. Da nauyin ya sauka sai na ga bayansa ya ƙame, jijiyar wuyansa ta tashi. Bai yi ƙara ba, bai yi sauri ba. A hankali ya duƙa har ƙasa, ya kwantar da tsohon ta gefen dama, ya gyara masa kai, ya sassauta ƙullin likkafani. Sai da aka fara jera itace sannan ya miƙo mini hannun dama na jawo shi. Na hagun yana manne a cikinsa.

Na mayar masa da maɗaurin a bayan wata bishiya, kafin in gama ɗaurewa wurin ya fara kumbura. Na ce mu tafi asibiti yanzu. Ya ce mutane sun taho daga nesa, ba zai bar tabarma ba sai an yi addu'ar uku. Ya zauna a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa da hannun dama, na hagun yana cikin aljihun babbar riga, ni ina kawo ƙanƙara daga mai shago a ɓoye ina naɗewa a tsumma.

Da muka koma wurin likita, hoto kawai ya duba ya ajiye. Bai yi faɗa ba, da na ba shi labarin inda abin ya faru sai ya cire tabarau ya yi wa mamacin addu'a. Ya ce ko a ranar aka kawo shi ba abin da zai canja. Aka sake aiki, hannun ya warke daidai yadda aka faɗa tun farko. Oga da kansa ya buga wa ɗan kasuwan nan waya ya yi godiya ya ce a ba wani. Bai ƙara shiga gasa ba. Yanzu shi ne wanda kuke gani da safe a wurin koyo, yana gyara wa mambobi tsayuwa da baki da hannu ɗaya.

A hanyarmu ta komawa Tambuwal daga asibitin ne na kasa haƙuri. Wasa ya ƙare, doka ba ta hana ni magana ba. Na faɗa masa duk abin da ke cikina, na ce shekara talatin na wahala ya zubar cikin ɗan lokacin da bai kai a sha ruwa ba, alhali ga Nasiru a tsaye, kuma Baba da kansa da yana da bakin magana da ya kore shi daga ramin. Ya bar ni na gama. Ya ce ƙila haka ne. Ya ce tun yana saurayi ya bar gida, Nasiru ne ya yi noma da tsohon, shi ya kai shi asibiti, shi ya ɗebo masa ruwa, shi kuwa sai aike da hoto a jarida. Na tambaye shi ko ya ji lokacin da jijiyar ta tafi.

"Tun da sunka sakar man shi nij ji ta tsinke," ya ce. "Amma kanai na bisa hannun. Ina za ni aje shi?"

Na ci gaba da tuƙi.

Abin da nake so ku ɗauka, ku masu tasowa, shi ne wannan. Za ku koyi nisa da iska, za ku san hannun maigidanku har ku fi shi saninsa, daga nan sai ku fara zaton kun san abin da ya fito nema. Ba lalle ba ne. Ni har gobe in an tambaye ni, ra'ayina bai canja ba, Nasiru ya kamata ya shiga, kuma har yau in na ga dattawan nan a talabijin suna buga abin da Oga ya fi su iyawa, sai na tashi na bar ɗakin. Amma hannun nasa ne, uban ma nasa ne. Nawa shi ne in faɗi gaskiya sau ɗaya, in an ƙi, in nuna masa inda zai sa ƙafa kada ya zame da mahaifinsa a hannu. Bai zame ba.